Inna Delu, Mai Shafen Ɗakunan da Ake Gudu

Kafin rana ta ɗaga, Inna Delu ta riga ta jiƙa farar ƙasarta. A wata tsohuwar randa take jiƙa ta, a bayan ɗakinta da ke Ƙofar Guga, ta dama da hannu, ta tace da tsumma har sai babu tsakuwa ko ɗaya. Ƙaro kuma ta jiƙa shi daban a kasko, don shi ke sa shafe ya kama bango, kada ya riƙa bin rigar wanda ya jingina. In mai ɗaki tana son fari mai sanyi, sai ta ɗiga bula kaɗan. Daga nan ta ɗora ƙwarya a ka, ta rataya ɗan buhun da ke ɗauke da tsumma da tsintsiya da dutsen guga, ta kama hanya. Masu koko da ƙosai na bakin titi sun san lokacin wucewarta, sun kuma san gaisuwarta ba ta da gajarta. Sai ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi wanda aka ce jiya ya kwana da zazzaɓi.

Haka take yi fiye da shekara arba'in. Bana ta ajiye. Kafaɗarta ta dama ta daina ɗaguwa sama da kai, ɗanta Yahaya kuma, wanda ke tuƙa tifa a wurin masu yin hanya, ya gina mata ɗaki a Kambarawa ya ce ya isa haka. Ba a yi mata taro ba, ba wanda ya ba ta takardar yabo. Aikinta a cikin gidaje yake, bayan zaure, inda maza ba sa shiga. Saboda haka rabin mutanen garin nan ba su taɓa ganin hannunta yana aiki ba, ko da yake da yawansu a ɗakin da ta shafe aka haife su.

Ga wanda bai sani ba, magini shi ke ta da bango, ya jera azara, ya yi rufi, ya tafi abinsa. Da zarar iyali sun tare, cikin ɗaki ya koma hannun mata. Bango ya tsage, Delu ce za ta cusa jar ƙasa a tsagar, ta bi da dutse har wurin ya yi sumul. Gara ta yi hanya, ita ce za ta kankare ta toshe. Za a kawo amarya, ita ce za ta shafe ɗakin kafin 'yan jere su iso. Mai jego ta yi arba'in, hayaƙin wutar da aka yi ta hura mata ya mai da bango baƙi ƙirin, ita ce za ta dawo da shi fari. Duk wannan akwai wasu mata da ke yinsa a birni, wasunsu ma sun fi ta iya zanen ado a bakin ƙofa. Ita da kanta ta faɗa mini haka.

Abin da ya raba ta da su shi ne ɗakunan da ake gudu.

In mutum ya yi doguwar jinya ta ciwon da ake ɗauka, ko ya tashi ko ya rasu, ɗakinsa yakan zama kamar an kewaye shi da ƙaya. A ja ƙofa, a hana yara wasa ta wurin, a riƙa ajiye abinci a bakin ƙofa. Masu shafe da yawa in aka kira su irin wannan aiki sai su ce suna da biki a gida. Delu takan je.

Malama Jummai Istifanus ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kagoro, ta zo Katsina tare da mijinta tun kafin yaƙin basasa. Cikin aikinta har da bin marasa lafiya gida bayan an sallame su. Ta ce a shekarar da amai da gudawa ya shigo gari ta fara lura da Delu.

"Duk gidan da na shiga sai in tarar da wata doguwar mata, fuska duk fari, tana fitar da tabarmi rana. Na ce Mama, wa ya aiko ki? Ta ce masu gida. Na ce ba kya tsoro? Ta ce ke da kike taɓa su ma ga ki nan tsaye, balle ni da bango nake taɓawa."

Tun daga ranar suka saba. Delu ba ta shiga irin wannan ɗaki sai ta biya ta wurin Jummai ta ji abin da asibiti suka ce. In an ce a dakata, ta dakata. In an ce babu komai, ta je ta buɗe ƙofa da taga, ta fitar da kaya rana, ta kankare tsohon shafe, ta kwashe da kanta ta kai juji, sannan ta yi sabo. Akwai kuma sharaɗi guda da ba ta sassautawa. Abincinta na ranar aiki, mai ɗakin ce za ta dafa da hannunta, in tana da ƙarfin yi. A cikin ɗakin kuma za a ci shi, ƙofa a buɗe, mutanen gida suna gani. Ba ta cewa an gama aiki sai an yi haka a ranar ƙarshe.

Na tambaye ta ko farar ƙasa tana kashe ciwo. Ta kalle ni kamar na tambaye ta ko jaki yana tashi sama.

"Haba ɗan nan, ƙasa ce fa. Magani na wurin su Jummai. Ni dai kallona ake yi. In na shiga na ci na fito da ƙafata, gobe sai wata ta leƙa, jibi ta zauna."

Shekarun nan na kuɗin man fetur sun rage mata aiki ƙwarai. Siminti ya cika gari, gwangwanayen fenti suna jere a rumfuna, shuɗi da kore da ruwan hoda. Wanda ya samu ƙarin albashi ko 'yar kwangila, abin da yake fara yi shi ne ya kwashe iyalinsa zuwa sashe guda, ya shigo da masu filasta da masu fenti su yi kwana biyu su fita. Amare yanzu fentin mai suke so, mai sheƙi, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Delu ba ta zagin fenti. Ta ce abu ne mai kyau, ba ya bin zane, ɗakin da Yahaya ya gina mata ma kore ne shar. Da abin ya tafi yadda aka tsara, da ta bar aiki shiru kamar yadda ta fara shi. Sai maganar gidan Malam Almu ta taso, a ƙarshen ranin da ya wuce.

Malam Almu yana da rumfar kayan gini, gidansa kuma yana Ƙofar 'Yandaka, inda yake zaune da mahaifiyarsa Hajiya Kande, da matarsa Hadiza, da 'ya'yansu biyu, Binta da ƙaninta. Hadiza ta kamu da tarin tibi, ta yi watanni a kwance a asibiti tana shan allura. Da aka sallame ta, aka ce ba ta shafa wa kowa ciwon yanzu, muddin ta ci gaba da shan maganinta. Hajiya Kande ba ta yarda ba. Wannan tarin ne ya ci uwarta tun tana ƙarama, ya bi da ƙanenta. Ta ce Hadiza ta tafi ƙauyensu a ƙasar Kaita ta huta wurin iyayenta, yara su zauna a nan. Ba ta faɗi ranar dawowa ba, kuma kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi. Matar da aka tura hutu ba a sa mata rana ba, sau da yawa sai dai ta ji labarin 'ya'yanta a bakin masu zuwa cin kasuwa.

Almu ba ya son rabuwa da matarsa, ba ya kuma iya musu da uwarsa. Sai ya yi abin da ya sani. Kafin Hadiza ta dawo ya sa aka yi wa ɗakinta filastar siminti, aka zuba masa fentin mai shuɗi, wanda ya fi kowane kyau a rumfarsa. Ya ce da masu aikin kada su yi tsumulmula, suka sirka da kananzir suka yi ta maimaitawa. Ya shimfiɗa sabuwar leda. A ganinsa, in ɗaki ya zama sabo fil, babu sauran abin tsoro.

Hadiza ta dawo ta shiga ɗakin. Ba wanda ya bi ta. Hajiya ta ce fenti rufe ciwon ya yi, yana nan a ƙarƙashi, ta sa aka rufe taga don kada iskar ɗakin ta fito tsakar gida. Yara suka koma kwana wurin kakarsu. Binta takan tsaya daga bakin rijiya ta ɗaga wa uwarta hannu. Ba a daɗe ba kuma sai aka fara jin tari yana fitowa daga ɗakin, safe da yamma. Hajiya ta ce to, ga shi nan, kowa ya ji da kunnensa. Ta aika wa yayan Hadiza ya zo ya tafi da ita kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace.

Jummai ta mai da Hadiza asibiti aka sake dubawa. Ciwon bai dawo ba. Warin sabon fenti ne a rufaffen ɗaki yake shaƙe ƙirjin da bai gama ƙwari ba. Ta je ta yi wa Hajiya bayani dalla-dalla. Hajiya ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Malama, mun gode, Allah Ya saka da alheri," ta ba ta goro, ba ta canja komai ba.

Daga nan Jummai ta wuce Ƙofar Guga. Ta tarar an riga an ɗaure kayan Delu, randar farar ƙasa tana kife a tsakar gida. Ta ba ta labarin Hadiza, Delu ta ce za ta je. Yahaya yana wurin.

"Inna, mun gama wannan magana," in ji shi. "Likita ya ce ki daina ɗaga hannun nan."

"Bai ce in daina ɗaga na hagu ba."

"Yanzu fa mutane sai su ce ɗanki shina da aiki ya bar ki kina yawo da ƙwarya."

"Su ce. Kai dai ta da mani randar nan, ka kai mani ita bakin titin 'Yandaka."

Ya kai ta a bayan tifa.

Delu da Hajiya Kande tare suka tashi a unguwa ɗaya, Delu ce ma ta shafe mata ɗakin aurenta, saboda haka shigarta gidan ba ta buƙaci dogon iso ba. Ta gaisa da kowa yadda ta saba, ta shiga ɗakin Hadiza ta zauna a kan gado kusa da ita. Can ta tsoma yatsa a farar ƙasa ta ja layi a bango. Ruwan ya dunƙule ya gangaro ƙasa. Ta fito zaure ta sami Almu.

"Almu na Kande, bangonka ya yi kyau. Sai dai a kankare shi."

"A kankare? Inna, fentin nan ko wata bai yi ba. Da hannuna na zaɓo shi."

"Na gani, ba ka yi rowa ba. Amma farar ƙasa ba ta zama bisansa, zamewa take. Kai ka taɓa zama a ciki, ƙofa da taga a rufe?"

Bai taɓa ba. Ya faɗa mini cewa a ranar ya shiga ya ja ƙofa, kafin ya gama gaisawa da Hadiza idonsa ya fara ruwa, kansa ya ɗauki sara. Da ya fito bai ƙara magana a kan fentin ba. Ya aika rumfa aka kawo samfefa ta goge bango da ƙarfen kankara.

Delu ta sa aka fito da gadon Hadiza ƙarƙashin rumfar tsakar gida, nesa da ƙura. Ta ɗaure hancinta da tsumma ta fara. Kankare fentin mai daga siminti ba irin kankare tsohon shafe daga bangon ƙasa ba ne, wanda ke zubowa da tsintsiya. Wannan sai an bi shi kaɗan-kaɗan, tafin hannu bayan tafin hannu. Ta ɗauki fiye da mako. Ranakun da Jummai ba ta da aiki takan zo ta ɗaura zane a kan rigarta, ta hau benci ta kankare sama, Delu tana yin ƙasa. Kusan kullum da rana Hadiza ta dafa abinci a tukunyarta, Delu ta shiga da shi ɗakin ta zauna daidai inda za a gan ta, ta ci, ta suɗe hannu, ta yi hamdala da ƙarfi. Tarin Hadiza kuwa tun da ta fito sarari ya fara raguwa, har aka wayi gari ba a ji shi ba. Hajiya ta ji shirun kamar yadda ta ji tarin.

Ana tsakar haka yayan Hadiza ya iso, ya ce gobe da safe za su kama hanya. Delu ta fito zaure, fari har gira, ta ce masa ba a fitar da mai ɗaki ana tsakiyar shafe, ba kyau, sai an gama. Mutumin ya ce to, ba zai zama shi ne ya karya al'adar birni ba, ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure. Na tambayi tsofaffi da dama a unguwar, ban sami wanda ya taɓa jin wannan al'ada ba.

Abin da ya biyo baya Hajiya Kande ce ta ba ni da bakinta, a zauren gidan, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ta yi kuskure ba.

Da aka zo shafe, Delu ta ce wannan ba ta ba kowa, ita za ta yi. Ta hau benci da tsumma a hannun hagu. Bencin yana rawa. Jummai tana wurin aiki. Sai ta ɗaga murya.

"Ke Kande! Miƙo mani ƙwaryar nan."

Hajiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa ƙwaryar da dogon hannu, ƙafafunta a waje.

"Ko Makkan da aka kai ki ce ta gajarta maki ƙafa? Riƙe mani benci, in na faɗi ke za ki yi jinyata, kuma kin san ni da ci."

"Delu, ki ji tsoron Allah. Mi ya kai tsohuwa kamarki bisa benci?"

"Surukarki. Riƙe."

Hajiya ta ce ita dai ta ga bencin ya karkata, sai ta ga kanta a ciki ta dafe shi da hannu biyu. Haka ta tsaya har aka gama bangon gabas, farar ƙasa tana ɗigo mata a gyale. Da ta fito ta yi wanka da sabulu ta canja kaya. Washegari da aka sake kiranta ba ta yi gardama sosai ba.

Ranar Alhamis aka gama. Ɗakin ya bushe, ya yi fari mai sanyi, ba ya warin komai sai ƙasa. Hadiza ta tuƙa tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, ta kawo tsakar ɗaki ta ajiye, ta koma gefe ta durƙusa. Matan maƙwabta sun shigo kallo suna tsaye a tsakar gida. Delu ta wanke hannu, ta zauna, ta buɗe kwano, ta duba, ta mai da murfi.

"Af. Yau Alhamis. Azumi nake."

Delu ta daɗe tana azumin Litinin da Alhamis, wannan kowa ya sani. Ita ce kuma ta zaɓi ranar gamawa.

"To sai a jira magariba," in ji Hajiya daga bakin ƙofa.

"Magariba a Kambarawa za ta same ni, tifa na jirana bakin titi. Ɗaki kuwa ba ya gamuwa sai an ci tuwon mai shi a ciki. In ba mai ci, shi ke nan, ku ja ƙofarku. Aikina ya tafi a banza, kafaɗata ma haka."

"Tun muna yara kike da makirci, Delu."

"Tun muna yara kike da ci. Zauna."

Hajiya ta ce ta daɗe a tsaye. Ba maganar Delu ce ta zaunar da ita ba, in ji ta, don ta san halinta. Abin da ta gani ne. Hadiza ta juya fuskarta bango tana durƙushe, don kada numfashinta ya taɓa tuwon.

"Sai na tuna ni ma an hana ni shiga wurin tawa uwar. Daga bakin rijiya nake hangen ƙofarta, har aka fito da ita ban ga fuskarta ba."

Ta shiga ta zauna a bakin tabarma, ta yi bisimilla, ta gutsuri loma. Ta ƙara. Ba ta ci da yawa ba.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce.

"Hajiya, a asibiti aka saba mani da kaɗan," in ji Hadiza, fuskarta har yanzu tana bango.

"To nan ba asibiti ba ne. Gobe ki ƙara."

Ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa, sannan ta aika zaure a gaya wa yaron nan, wato Almu, ya sallami baƙonsa, ya haɗa masa da goro da sabulu na tsofaffi. Yayan Hadiza ya koma ƙauye shi kaɗai.

Ba zan ce komai ya daidaita a ranar ba. Har yanzu Hajiya ta ware wa Hadiza moɗarta daban. Yara da farko da rana kawai ake barinsu su shiga, sai da aka yi makonni kafin Binta ta koma kwana a bayan uwarta. Hadiza tana shan maganinta, Jummai tana leƙa ta. Almu bai daina sayar da fenti ba, sai dai yanzu duk wanda ya sayi na mai yakan bi shi da magana, ya ce a bar ƙofa da taga a buɗe har warin ya fita kafin a sa mutum a ciki. Delu kuwa ta fito daga wannan aiki kafaɗarta ta dama ta ƙara lalacewa, ta hagun ma ta fara ciwo. Yanzu matar Yahaya ce ke ɗaura mata ɗankwali.

Inna Delu, ta Ƙofar Guga, mai shiga inda ake ja da baya. Ke ce kika ɗauki ƙasar da kowa ke takawa kika yi aikin da ya fi ƙarfin gwangwani mai tsada, ba don ƙasar ta fi fenti ba, sai don ke kina bin ta ki zauna. Ke ce ba ki taɓa cewa kin fi asibiti sani ba, kika riƙa tambaya kafin ki shiga, kuma da aka ce maki babu komai kika yarda, kika nuna yardar da bakinki, loma bayan loma, a gaban masu shakka. Ba ki yi wa kowa wa'azi ba. Ba ki kunyata Hajiya Kande a gaban surukarta ba, kin bar mata hanyar da za ta shigo da girmanta. Gidajen da kika yi wa irin wannan suna da yawa a cikin ganuwar nan, kuma mafi yawansu ba za su so a ambaci sunansu a jarida ba. A madadinsu muke cewa mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar kafaɗa, Ya sa ki ji daɗin ɗakinki na Kambarawa.

Gare mu kuma da muka rage. Gine-ginen siminti za su ci gaba da ƙaruwa, kuma wataƙila nan da 'yan shekaru ba za a sami mai jiƙa farar ƙasa a birni ba. Wannan ba abin kuka ba ne. Amma marasa lafiya ba za su daina dawowa daga asibiti ba, kuma mai fenti in ya gama aikinsa wanke burushi yake ya tafi. Wanda ke da maƙwabci ko 'yar'uwa da likita ya sallama, ya tambayi ma'aikatan jinya abin da ya kamata. In sun ce babu komai, ya shiga har ciki, ya zauna, ya ci abin da aka ba shi, ya bari a gan shi. Ba sai ya iya shafe ba.

Makon jiya Jummai ta kai wa Delu ziyara, ta ba ta labarin ɗakin. Ta ce bangon ya fara datti tun yanzu. Daga ƙasa zuwa tsayin gwiwar babba duk sawun hannun yara ne, na miya da na manja, ƙanin Binta ma ya sami gawayi ya zana abin da ya ce mota ce. Hadiza tana jin kunya, tana tambaya ko akwai wadda za a samu ta ɗan rufe wurin.

Delu ta ce a gaya mata ta bar shi haka.